TARIHIN SASSABIN ZAMANI: YADDA KUTUTTURE YA ZAMA DAJI A ƘASAR MARAƊI

GABATARWA

Muna yi wa Allah godiya da ya kawo mu wannan rana ta bikin cika shekara hamsin.  Kwamitin biki ya roƙe mu mu rubuta wani abu na tarihi cikin wannan littafi. Labarin kafuwar ikkilisiya da sunayen waɗanda suka yi hidima suna a waɗansu shafuka, ba za mu maimaita su ba. Mun zaɓi mu ba da labarin wani aikin raya karkara da aka yi a ƙetaren iyaka, a ƙasar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar. Dalili kuwa shi ne, kusan dukanmu manoma ne ko 'ya'yan manoma. Baikon da ya gina wannan ɗakin sujada daga gona ya fito. In gona ta mutu, matasa za su watse zuwa birane, waɗanda za su yi bikin shekara ɗari kuma ba za su sami mai buga musu ganga ba.

YADDA DAJI YA ƘARE

Mutanen Maraɗi 'yan'uwanmu ne. Harshenmu ɗaya, gero da dawa da wake muke nomawa duka, Katsinawa ne kuma suka kafa sarautar Maraɗi bayan jihadi. Tsofaffinsu suna ba da labari irin na tsofaffinmu, cewa dā akwai daji mai duhu tsakanin gari da gari. Abubuwa uku suka haɗu suka cinye shi.

Na fari, jama'a ta ƙaru, noman gyaɗa ya bunƙasa, aka daina barin gona ta huta. Malaman gona na wancan zamani suka koya wa mutane cewa gonar kirki ita ce wadda aka share ƙal, babu itace babu kututture, domin garmar shanu ta wuce.

Na biyu, doka. Tun 1935 Turawan Faransa suka sa daji da manyan itatuwa a hannun hukuma, bayan samun 'yancin kai a 1960 kuma aka ci gaba a kan haka. Manomi yana iya shan tara saboda ya sare reshen itacen da ke tsakiyar gonarsa. To, wa zai reni abin da ba nasa ba, wanda kuma zai jawo masa malamin daji? Sai mutane suka riƙa kashe itace tun yana ƙarami.

Na uku, fari. Mu da muke samari a 1973 ba mu manta ba. Shanu suka mutu, rumbuna suka bushe, wanda ba shi da abin sayarwa ya ɗauki gatari ya shiga daji. Kafin shekara goma ƙasar ta zama fili fetal. Iska takan taso da yashi ta binne shuka, har manomi ya yi shuka sau biyu ko sau uku a damina ɗaya. Mata suna tafiya mai nisa neman itacen girki, in ba su samu ba su ƙona kara da kashin shanu, wato abin da ya kamata ya zama takin gona.

AIKIN DASHE DA FAƊUWARSA

Ƙungiyar mishan ta SIM, wadda ta fara aiki a Nijar a garin Damagaram a 1924, ta kuma buɗe asibitin Galmi a 1950, tana da aikin gona da raya karkara a Maraɗi. A 1981 wani saurayi masanin aikin gona daga Ostareliya, mai suna Tony Rinaudo, ya zo da matarsa ya kama wannan aiki. Abin da kowa yake yi a lokacin shi ma ya yi. A reni 'ya'yan itatuwa cikin leda, irin su dogon yaro da turare, a loda su a mota, a kai ƙauyuka a dasa. Aka kashe kuɗi da ƙarfi, amma yawancin dashen mutuwa yake yi. Rana ta ƙone waɗansu, gara ta ci waɗansu, awaki suka gama da saura. Mutanen ƙauye kuwa ba su ɗauki itatuwan nan nasu ba, na Bature ne.

Kada mu yi musu dariya, gama mu ma mun yi haka. Sau nawa aka kawo mana dashe ranar bikin dashen itatuwa, muka jera, aka ɗauki hoto, kafin kaka babu ko ɗaya a tsaye?

ABIN DA AKA GANI A BAKIN HANYA

Wata rana a 1983 Rinaudo yana kan hanyar kai dashe ƙauye, ya tsaya ya rage iskar taya domin motar ta iya ratsa yashi. Ya riga ya karaya da aikin. Shi da kansa ya sha faɗa cewa a wurin ya yi addu'a, ya roƙi Allah ya buɗe masa ido. Sai ya lura da wani ɗan tsiro a gefen hanya, irin wanda ya saba wucewa yana ɗauka ciyawa ce. Da ya duba ganyen, ya ga ashe itace ne da aka sare, kututturen yana toho. Ya ɗaga kai ya ga irinsa ko'ina cikin gonaki. Itatuwan ba su mutu ba. Saiwoyinsu suna nan da rai a ƙarƙashin ƙasa, sun kai ga laima, kowace shekara suna fid da toho, kowace shekara kuma manomi yana sare tohon lokacin sassabe ya cinna masa wuta. Ya kira wannan abu dajin da ke ƙarƙashin ƙasa.

Hanyar da ta fito daga nan ba ta da wuya. Lokacin sharar gona manomi ya zaɓi kututturan da yake so, kalgo ne, ko sabara, ko gawo, ko aduwa, ko magarya. A kowanne ya bar toho mafi ƙarfi da miƙewa, daga ɗaya zuwa biyar, ya sare saura da kaifin ƙarfe. Ya rage rassan ƙasa har wajen rabin tsawon itacen, ya riƙa komowa bayan 'yan watanni yana gyarawa. Tun da saiwar tsohuwa ce, itacen yana girma da sauri fiye da dashe, ba ya kuwa bukatar ban ruwa. Ba leda, ba mota, ba kuɗi, sai gatari ko adda da ke kowane gida. Aka sa wa hanyar suna sassabin zamani.

GWAJI DA YUNWA

Manoma kamar goma ne suka fara yarda su gwada. Maƙwabta suka yi musu ba'a, suna cewa raggaye ne masu ƙazamar gona, waɗansu ma suka bi dare suka sare itatuwan. Da a nan aikin ya tsaya, sai babbar yunwa ta 1984 ta auko, wadda mutanen can suka laƙaba wa suna El-Buhari domin ta zo daidai da rufe iyakar Nijeriya. Mishan ta shiga rabon abinci a ƙauyuka kusan 100, bisa sharaɗin cewa mai karɓar hatsi zai bar itatuwa su tashi a gonarsa. Aka kuma roƙi ma'aikatan gandun daji na Maraɗi su sassauta, su bar manomi ya ci amfanin itacen da ya rena. Ta haka aka tsirar da itatuwa kimanin 500,000.

Ga inda darasin yake, 'yan'uwa. Da rabon abinci ya ƙare, aka sare wajen kashi biyu cikin uku na itatuwan nan. Mutane sun bar su ne saboda hatsi, ba saboda sun gaskata ba. Amma waɗanda suka riƙe nasu suka ga abin da ba su zata ba. Gero bai ragu ba. Iska ta yi sauƙi, shuka ta daina binnewa. Ganye da ƙura suna taruwa a gindin kalgo da sabara, dabbobi suna hutawa a inuwa suna barin taki. Uwargida ta sami itacen girki a gonar mijinta, har da na sayarwa. Gawo kuwa, wanda yake zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, ba ya tare wa gero rana, yana ƙara wa ƙasa ƙarfi, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne a lokacin da babu ciyawa. Maƙwabci ya leƙa ya gani, ya koma ya yi a tasa gonar. Wanda ya sare ma ya tarar da kututturen bai yi fushi ba, ya sake toho.

YADDA AIKIN YA BAZU

Daga nan labari ya bi bakin manoma, a kasuwa, a wurin biki, a hanyar cin rani. Waɗansu ƙungiyoyi suka ɗauka, ƙauyuka suka kafa kwamitocin tsaron itatuwa, a waɗansu wurare tare da mata da Fulani makiyaya. A yankin Damagaram, wajen Magarya da Matamaye da Mirya, manoma suka raya gawo da yawan gaske, galibi da ƙoƙarin kansu. A 2004 Nijar ta gyara dokar daji, haƙƙin manomi ya ƙara ƙarfi. Masana suka gwama hotunan sama na 1975 da na tauraron ɗan Adam na wajen 2005, suka ƙiyasta cewa gonaki hekta miliyan 5 sun farfaɗo, da itatuwa kusan miliyan 200. A 2009 suka ƙiyasta ƙarin hatsin da ake samu ya kai tan 500,000 a shekara.

Rinaudo ya bar Nijar a 1999 ya koma aiki da ƙungiyar World Vision, wadda ta kai hanyar zuwa Humbo a Habasha, da Talensi a arewacin Gana, da ƙasashe da dama. A 2018 aka ba shi lambar yabo ta Right Livelihood a Suwidin, a shekara ɗaya da Yacouba Sawadogo, manomin Burkina Faso da ya raya mataccen fili da ramukan taki. Amma gaskiya ita ce, renon kututture ba sabon abu ba ne, kakanninmu sun san shi. Waɗanda suka yi aikin kuwa talakawan manoma ne, mafi yawansu Musulmi, ba a kuma tambayi addinin kowa ba kafin inuwa ta rufe shi.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Ba mu ce sassabin zamani ya kawar da talauci a Nijar ba. An sake yin yunwa a 2005, ɓarayin itace kuma ba su ƙare ba. Amma abu uku muka koya.

1. Taimakon da ya daɗe shi ne wanda ya fara da abin da mutane suke da shi. Dashen da aka kawo a mota ya mutu, kututturen da aka rena a gida ya rayu.

2. Mutum ba ya kiwon abin da ba nasa ba. Ko rijiya ce, ko injin niƙa, ko makaranta, in mutanen gari ba su ɗauke ta tasu ba, ranar da mai bayarwa ya tafi ita ma ta tafi.

3. Sadaka tana ceton rai a lokacin yunwa, wajibi ne kuma mu yi ta, amma ba ta sayen zuciya. Abin da ido ya gani a gonar maƙwabci ya fi buhun hatsi ƙarfi.

Littafin Ayuba sura 14 ya yi maganar begen da ke ga itacen da aka sare. Muna roƙon kowane magidanci, bana lokacin sassabe, ya bar kututture ko da goma a gonarsa, a fara kuma da gonar ikkilisiya. Matasa su koyi gyaran toho, zumuntar mata su sa ido, dattawa su zauna da mai gari da makiyaya da masu yin gawayi a yi yarjejeniya. Yawancinmu ba za mu ga bikin shekara ɗari ba. Bari waɗanda za su gan shi su yi shi a inuwar da muka bar musu.

Ubangiji ya sa albarka. Amin.