Baka Biyu da Ƙidayar Hausa: Abin da Kasuwar Haɗejiya Ke Koya Mana

Malaman makarantun horon malamai sukan ce baka biyu baƙo ne a lissafin ɗan Bahaushe. A rubuce baƙo ne, amma aikin da yake yi ya daɗe a bakin mutane.

Mu ɗauki dillalin busasshen kifi a kasuwar Haɗejiya. In ya ce "dubu goma sha biyu", ba mai shakka cewa 1000 × (10 + 2) yake nufi, gama "sha" ɗaure lambobi take yi tamau, kamar baka. "Da" kuwa sako-sako ce. "Dubu ashirin da biyar" tana iya zama 25,000, tana iya zama 20,005, don haka mai nufin na biyun sai ya maimaita sunan kuɗin, ya ce "naira dubu ashirin da naira biyar". Wannan maimaici shi ne rufe baka. Haka "dubu ashirin ba biyu": 18,000 ne a kunnen ɗan kasuwa, watau an ɗebe kafin a ninka. Lalle wuri ya taimaka wajen kaifafa wannan kunne, domin kafin Turawa su ci Haɗejiya a 1906 da shi ake ciniki, keso guda kuwa wuri 20,000 ne.

Shi ma aljabara da baki ya fara. Alkawarizmi ya rubuta littafinsa a Bagadaza wajen shekarar 820 ba da alama ko ɗaya ba. Adadin da aka ninka da kansa "mal" yake ce masa, watau dukiya. Magadansa suka riƙa cewa "mal mal" ga abin da aka ninka har hawa huɗu. Ƙaramin adadin nan da muke ɗorawa a kafaɗar lamba sai a 1637 Descartes ya yaɗa shi, baka biyu kuma bai kafu sosai ba sai ƙarni na 18.

To, a nan ne Hausa ta rabu da Larabci, a nan ne kuma ɗalibi ke tuntuɓe. Maimaita lamba a Hausa rabo ne: "goma goma" kowa ya sami goma, ba ɗari ba. Ba mu da kalma guda mai aikin "sha" a wannan fage. Malamin da ya karanta 2 + 3² da (2 + 3)² da lafazi ɗaya ya haɗa 11 da 25 a baki guda. Gara ya ce "biyu, da uku sau uku" a na farko, a na biyu kuwa "jimillar biyu da uku, sau kanta".