Zinga, Tashar da Aka Manta

Ƙasar Afirka ta Tsakiya ba ta da teku. Gaɓar kogin Ubangi ita ce bakin ruwanmu, kuma ta nan yawancin hajar Bangi ta riƙa shigowa kafin hanyar mota ta Kamaru ta kankama. Wannan ne ya sa mu tara, Kirista da Musulmi, muka hau kekuna daga Kasuwar Kilomita Biyar muka nufi Zinga, wani ƙauye da ke bakin kogin, kudu da Bangi. Muka ratsa Bimbo da Bobangi, mahaifar Barthélemy Boganda, muka kwana a Mbaiki bayan tafiyar kilomita 107. Kashegari da yamma muka isa, ƙura har cikin kunne.

Ƙaramin wuri ne, amma manyan ƙasashe sun yi ja-in-ja a kansa. A yarjejeniyar 4 ga Nuwamba 1911, Faransa ta miƙa wa Jamus wani yanki da ya taɓo Ubangi a Zinga, domin Jamus ta sakar mata Maroko. Ba wanda ya tambayi masuntan wurin. A watan Agusta 1914, da ɓarkewar Yaƙin Duniya na Ɗaya, sojojin Faransa suka ƙwace shi.

Darajar Zinga daga duwatsun kogi ta samo asali. Da rani, idan ruwa ya janye, jiragen da suka taso daga Barazabil ba sa iya wucewa. Saboda haka a 1930 aka buɗe siririn layin dogo mai tsawon kilomita 7.5 zuwa Mongo. A sauke kaya a Zinga, jirgin ƙasa ya kewaye duwatsun da su, a sake lodi, sai Bangi. Wajen 1960 aka gama yashe mashigi a cikin kogin, layin ya mutu, ƙauyen ya koma shiru. A 2006 aka sa kufan tashar cikin jerin wuraren da ƙasar ke neman UNESCO ta amince da su.

Mun tsaya gaban tsohon kan jirgi da tsatsa ta cinye. Babu allon da ke ɗauke da sunan ko da lebura ɗaya, alhali gishiri da atamfar da kakanninmu suka sayar a Bangi a kan kafaɗunsu suka wuce. Ɗayanmu, ɗan mai shagon yadi, ya cire hularsa ya yi musu addu'a. Mu duka muka ce amin.