Cristina Neagu: Tauraruwar Ƙwallon Hannu Da Rauni Ya Kayar Sau Uku

Tarihinmu na wannan makon ya fito ne daga filin wasa, amma ba ƙwallon ƙafa ba. Za mu duba rayuwar Cristina Neagu, 'yar ƙasar Romaniya, wadda ta shafe kusan shekara ashirin tana buga ƙwallon hannu a matakin ƙwararru.

Ga wanda bai saba kallon wasan ba, mutum bakwai ne a kowane ɓangare har da mai tsaron raga, ana buga minti 30 a juya a sake buga 30. Akwai layi mai nisan mita 6 daga raga wanda mai tsaron raga kaɗai ke da izinin tsayawa a cikinsa. Saboda haka mai neman ci sai ta yi tsalle ta wurga ƙwallo ta saman masu tare ta, sannan ta dira da dukkan nauyinta. Kafaɗa ke jifa, gwiwa ke ɗaukar dira. Ku riƙe waɗannan gaɓoɓi biyu, domin a kansu labarin Neagu ya rataya.

An haife ta a Bukares, babban birnin Romaniya, ranar 26 ga Agusta, 1988. Gurbinta a fili shi ne baya ta hagu, inda ake jifa daga nesa. A 2006 ta shiga ƙungiyar Rulmentul da ke garin Brasov, kuma kafin ta cika shekara ashirin ta riga ta samu gurbi a tawagar ƙasa, har ta je gasar Olamfik ta Beijing a 2008. A 2009 ta koma Oltchim ta garin Ramnicu Valcea, wadda ita ce ƙungiya mafi ƙarfi a ƙasar a lokacin.

Shekarar 2010 ce duniya ta san da ita. Oltchim ta kai wasan ƙarshe na gasar zakarun Turai, sai dai Viborg ta Denmark ta doke su. A watan Disamba Romaniya ta samu lambar tagulla a gasar ƙasashen Turai, kuma Neagu ce ta fi kowa zura ƙwallo. Hukumar ƙwallon hannu ta duniya, IHF, ta zaɓe ta gwarzuwar shekara tana da shekara 22 kacal.

Daga nan ne jarrabawa ta fara. Kafaɗar da take jifa da ita ta samu matsala har sai da aka yi mata tiyata, ta yi kusan shekara biyu ba ta taka fili ba. Ta dawo a watan Oktoba na 2012. Bayan 'yan watanni kaɗan, a Janairun 2013, jijiyar gwiwarta ta tsinke. Kamar wannan bai isa ba, kamfanin sinadarai na Oltchim da ke ɗaukar nauyin ƙungiyar ya durƙushe saboda bashi, ƙungiyar ma ta watse a wannan shekarar. Ga 'yar wasa mai shekara 24, kafaɗa da ɗinki, gwiwa da ɗinki, kuma babu ƙungiya. Da yawa sun ɗauka tata ta ƙare ke nan.

Ƙungiyar Buducnost ta birnin Podgorica, a ƙasar Montenegro, ita ce ta yi kasadar ɗaukar ta, ƙarƙashin koci Dragan Adzic. Kasadar ta biya. A 2014 sun kai wasan ƙarshe na zakarun Turai, Gyor ta Hangari ta hana su kofin. A 2015 suka sake dawowa, suka doke Larvik ta Norway da ci 26 da 22 a birnin Budapest. Wannan ne kofin zakarun Turai guda ɗaya tilo da Neagu ta ɗaga a rayuwarta.

A ƙarshen shekarar aka yi gasar cin kofin duniya a Denmark. Romaniya ta fitar da masu masaukin baƙi a zagayen kusa da na kusa da ƙarshe, ta sha kashi da ƙyar a hannun Norway bayan ƙarin lokaci, sannan ta doke Poland ta karɓi tagulla. Neagu ta zura ƙwallo 63, fiye da kowa, aka kuma zaɓe ta wadda ta fi kowa taka rawa a gasar. IHF ta sake ba ta kambun gwarzuwar duniya na 2015, ta maimaita a 2016.

A 2017 ta koma gida, ta sa hannu da CSM ta Bukares. A Disamban 2018, a gasar ƙasashen Turai da aka yi a Faransa, Romaniya na tafe da ƙarfinta, ana ganin wannan karon zinare na iya samuwa. Sai a wasansu da Hangari, ana daf da tashi, Neagu ta faɗi riƙe da gwiwa. Jijiya ta sake tsinkewa, aka fitar da ita a kan gadon ɗaukar marasa lafiya. Ba tare da ita ba, Romaniya ta faɗi a wasanni biyun da suka rage ta ƙare a ta huɗu. Duk da haka ita aka ba kambun 2018, wanda ya zama na huɗu. Ita ce ta fara kaiwa wannan adadi a tarihin wasan, tsakanin maza da mata.

Ta sake jinya na watanni, ta sake dawowa tana da shekara 31. A gasar Turai ta 2022 jimillar ƙwallayenta a wannan gasa ta kai 303, ta wuce duk wanda ya taɓa buga ta. A 2023 ta haura ƙwallo 1,000 a gasar zakarun Turai. Bayan gasar duniya ta Disamban 2023 ta ajiye wa ƙasarta riga, sannan a 2025 ta yi sallama da wasan baki ɗaya a CSM.

Idan aka auna tarihinta, abu ɗaya ya rage mata: ba ta taɓa rataya zinare da babbar tawagar Romaniya a manyan gasanni ba, tagulla biyu ce iyakar rabonta. Ƙasashe irin su Norway da Faransa suna da zaratan 'yan wasa a kowane gurbi, har da na benci, yayin da Romaniya ta jingina mafi yawan nauyinta a kafaɗar mutum ɗaya. Abin da ya faru a 2018 ya nuna haka ƙarara, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Amma ku lura da lissafin nan. Cikin kambunta huɗu na gwarzuwar duniya, ɗaya kaɗai ta samu da lafiyayyen jiki. Sauran ukun duk bayan tiyatar kafaɗa da ta gwiwa suka zo, lokacin da ake cewa ta gama.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya haɗa mu a mako mai zuwa.