Tankin Bahaya na Jirgin Ruwa da Makewayin Makarantarmu

Wanda ya tashi a Dogarawa zai ce ina ruwansa da tankin bahaya na jirgin ruwa, tunda ba mu da teku, Magiya ma sai da damina take gudu. To amma malamai da iyaye, tarihin wannan tanki tarihi ne na yadda ɗan Adam ya gane cewa ruwa ba ya haɗiye ƙazanta, kai ta yake yi wa na gaba.

Shekaru aru-aru jiragen ruwa ba su da wurin tara bahaya. Makewayin matuƙa katako ne mai rami a goshin jirgi, abin da ya fita sai cikin teku. A tsakiyar teku ba a ganin illar. A tasha kuwa, ko a kogi inda jama'a ke sha da wanka, cuta ce ake shukawa. A 1854 likita John Snow ya nuna cewa kwalarar da ta ɓarke a wata unguwar Landan daga famfo guda take, wanda ƙazanta ta gurɓata ruwansa. Mu ma mun ɗanɗana. A 1970 kwalara ta ɓulla a Gini, ta bi gaɓar teku da Kogin Kwara, kafin ƙarshen 1971 ta shiga Nijar da Najeriya da Chadi.

Doka ta yi nawa wajen zuwa. An ƙulla yarjejeniyar MARPOL ta hana jirage gurɓata teku a 1973, amma sashenta da ya shafi bahaya bai fara aiki ba sai ran 27 ga Satumba 2003. Ya wajabta wa jiragen da ke zirga-zirga tsakanin ƙasashe, masu tan 400 zuwa sama ko masu ɗaukar fiye da mutum 15, su mallaki na'urar tace ƙazanta, ko ta niƙa ta da kashe ƙwayoyin cuta, ko tankin adana ta. Wadda ba a tace ba, ba a zubar da ita sai an yi nisan mil 12 na teku daga gaɓa, wato kimanin kilomita 22, jirgin kuma yana cikin tafiya. Amurka ta ƙara da wata doka a 1992 ta ba da kuɗin gina wuraren zuƙe tankunan ƙananan jirage a tashoshi, domin tankin da ba shi da wurin juyewa, a ruwa zai ƙare.

Shi ya sa mai jirgin da zai sabunta tankinsa yake duba abu huɗu: girmansa ya dace da yawan mutane, jikinsa ba ya yoyo, yana da bututun shan iska, kuma akwai hanyar kwashe shi. Da yawa sun bar tankin alminiyam sun koma na roba mai kauri, saboda fitsari yana cin ƙarfe.

Waɗannan abubuwa huɗu su ne ma'aunin masai a tudu. A shekarun 1970, a ƙasar da ake kira Zimbabuwe yanzu, Peter Morgan ya ƙirƙiro masai mai bututun iska da raga a bakinsa: wari ya fita ta sama, ƙudan da ya bi haske ya maƙale. Ƙa'idar da masu aikin agaji ke bi ita ce rami ya yi nisan aƙalla mita 30 da rijiya, gindinsa kuma ya ɗara ruwan ƙasa da mita ɗaya da rabi. Wannan ya shafe mu ƙwarai a fadamar Magiya, inda manoman albasar Galmi ke samun ruwa kusa, kuma abin da ya shiga kwarin yana gangarawa ta Birnin Ƙonni har tafkin Kalmalo a jihar Sakkwato. A 2018 kwalarar da ta fara a Madarumfa ta iso gundumomin Ƙonni da Malbaza.

Don haka kafin ruwa ya sauka, kwamitin kula da makaranta ya zagaya bayan azuzuwa. Ƙofa nawa ce ga yara nawa? Na ƴan mata daban yake, da marfi mai rufuwa? Daɓen ya tsage? Ragar bututun tana nan? Taku nawa ne zuwa rijiya? Idan ramin ya cika, wa zai kwashe, ina kuma zai kai? Akwai buta da sabulu ko toka a bakin ƙofa?

Shekara talatin aka ɗauka tsakanin rubuta dokar jiragen ruwa da fara aiki da ita. Gyaran makewayin makaranta kuwa bai wuce zama ɗaya na iyaye da malamai ba, da ƴan buhunan siminti, ga masana'antarsa nan kusa da mu a Malbaza. Rigakafi dai ya fi magani. Allah Ya kare mana yaranmu.