Madatsun Gwarzo da Kabo: Tarihin Kuɗin Ginawa da Kuɗin Kulawa

A yammacin Jihar Kano, a ƙasashen Gwarzo da Kabo, akwai madatsun ruwa huɗu da ba kasafai sunansu ke fitowa a jarida ba: Guzu-Guzu, Magaga, Pada da Marashi. Ba su kai Tiga girma ba, ba su kuma yi sunan madatsar Challawa da ke maƙwabtaka da su a ƙasar Ƙaraye ba. Amma kusan rabin ƙarni ke nan suna shayar da garuruwa da dabbobi, suna riƙe da masunta da manoman rani. Tarihinsu ya nuna wata tsohuwar ɗabi'a ta gwamnatocinmu: kuɗin gina madatsa kan fito da wuri, kuɗin kula da ita da ƙasar da ke kewaye da ita kuwa sai an sha jira.

Zamanin Audu Bako

An ƙirƙiri Jihar Kano a watan Mayun 1967, aka ba Kwamishinan 'Yan Sanda Audu Bako riƙonta har zuwa 1975. Ya tarar da jiha mai ɗimbin jama'a, wadda damina ke yi mata wata huɗu zuwa biyar, sauran shekara kuwa koguna su koma yashi. Dabararsa ita ce a tare ruwan damina kafin ya wuce. Aka fara da irin su Bagauda, sannan aka kammala Tiga a 1974, mai cin ruwa kusan kubik mita biliyan 2, domin shayar da gonakin Kadawa da birnin Kano.

Abubuwa biyu suka ƙara wa wannan aiki ƙaimi. Na farko, farin da ya afka wa yankin Sahel daga 1972 zuwa 1974, wanda ya ƙone amfanin gona, ya kashe dabbobi, ya kuma koro mutane daga arewa. Na biyu, hauhawar farashin man fetur daga ƙarshen 1973, wadda ta cika baitulmalin tarayya. Ga tsoron yunwa, ga kuɗi a hannu. A 1976 gwamnatin tarayya ta kafa hukumomin raya koguna, ciki har da ta Haɗeja da Jama'are. Ita kuwa jiha tana da tata hukumar, WRECA, wadda injiniyoyinta suka gina yawancin ƙanana da matsakaitan madatsun Kano.

Audu Bako ya bar mulki kafin a kammala na Gwarzo da Kabo, amma a kan tsarinsa aka yi su, a tsakanin ƙarshen shekarun 1970 da farkon na 1980. Dukkansu na ƙasa ne: a zaɓi inda rafi ya matse tsakanin tudu biyu, a jibge jar ƙasa da yumɓu, a daddanne, a jera duwatsu a fuskar da ruwa ke duka, a bar mafita a gefe domin rarar ruwa. Daga baya, a 1992, aka kammala babbar madatsar Challawa, mai cin sama da kubik mita miliyan 900.

Abin da ruwa ya kawo

Kafin madatsun, rani lokacin cin rani ne. Da an gama girbin gero da dawa da gyaɗa, matasa sai su nufi birni ko kudu. Wanda ya tsaya yin lambu, jigo ne abin aikinsa: sanda doguwa a kan gwafa, dunƙulen laka a gindinta, guga a bakinta, ya wuni yana tsomawa yana juyewa domin shayar da 'yan fangali kaɗan.

Da ruwa ya tsaya, sai al'amura suka sauya. Tumatir, albasa, tattasai, attaruhu da masarar rani suka samu gurbi. Bayan kafa hukumar raya aikin gona ta jiha, KNARDA, a farkon shekarun 1980 da tallafin Bankin Duniya, da kuma shirin Fadama na farkon shekarun 1990, ƙaramin injin ban-ruwa ya kori jigo. Masunta ma suka samu wurin zama. Da asuba za ka ga masunci kwance a kan gora yana iyo da ƙafa, yana bin ragar da ya shimfiɗa tun jiya da yamma, yana cire karfasa da tarwaɗa yana jefawa cikin goran. Kafin hantsi mata masu suya da 'yan sari sun kewaye shi a bakin ruwa. Makiyaya kuma suka samu mashayar da ba ta ƙafewa a watan Maris.

Abin da kasafi ya manta

Madatsa ba ruwa kaɗai take tarewa ba. Duk abin da ruwan ya ɗauko daga tudu, a cikinta yake kwanciya. Ƙasar yammacin Kano tudu da gangare ce, kuma ruwan farkon damina yana sauka ne a kan gonakin da aka share, aka kwashe kara, dabbobi suka lashe sauran. Ɗigon ruwa ya bugi ƙasa tsirara, ya kwance ta, ya jawo ta cikin kunya, daga kunya zuwa hanyar shanu, daga nan zuwa rafi. Inda ruwan ya samu gangare sai ya fara ci da baya. Ramin da yaro ke tsallakewa bana, bayan 'yan shekaru ya zama kwazazzabon da ke raba gona biyu, ya tona saiwar ɗorawa, ya kai ga gindin katanga.

Yashin da ya fita daga wannan rami ba ɓacewa yake yi ba. Mai nauyi yana zubewa a bakin da rafi ke shiga madatsa, laka mai laushi kuma ta wuce tsakiya. Shekara bayan shekara cikin madatsar yana cikewa, alhali daga sama idonka ba zai nuna maka ba, domin da damina ruwan yana kaiwa inda ya saba kaiwa. Sai da bazara manomi zai lura cewa tiyon da ya ishe shi bara, bana sai ya yi ƙari. Ga sare itatuwan bakin rafi domin girki, ga noma har leɓen ruwa, ga takin zamani da maganin feshi da ke gangarowa, ga raga mai ƙananan idanu da ke kwashe kifi tun bai yi ƙwai ba. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da kwangilar gini ta yi wa tanadi.

A watan Agustan 1988 madatsar Bagauda ta ɓalle bayan ruwan sama mai yawa, ta share gonaki da gidaje. Wannan ya tuna wa kowa cewa madatsar ƙasa aba ce mai buƙatar duba kullum: tsagewa, ramin gara, itacen da ya tsiro a jikin bango, mafitar da ta toshe.

Ba wai babu asusun da aka tanada ba. Tun 1981 aka kafa asusun kula da muhalli na tarayya da kashi 1 cikin 100 na kuɗin da ake rabawa, aka ɗaga shi zuwa kashi 2 a 1992, domin yaƙi da zaizayar ƙasa, ambaliya, fari da kwararowar hamada. Sai dai asusun ya fi yin suna wajen ɗaukin gaggawa bayan ɓarna, da kuma zargin karkatarwa. A 2018 kotu ta ɗaure tsohon gwamnan Filato, Joshua Dariye, kan karkatar da sama da naira biliyan 1 daga irin wannan kuɗi, kafin a yi masa afuwa a 2022.

Kukan mutanen gabas

Kuɗin kare muhallin ruwa na farko da ya shigo kwarin Kogin Haɗeja da gaske bai sauka a Gwarzo ko Kabo ba, can gabas ya sauka. Yawancin rafukan yammacin Kano a Kogin Challawa suke zuba, shi kuma ya haɗu da Kogin Kano su zama Kogin Haɗeja, wanda ke malala a fadamun Haɗeja da Nguru kafin ya haɗu da Jama'are su nufi Tafkin Chadi. Da madatsu suka yawaita, fari kuma ya maimaitu a shekarun 1980, ambaliyar da mutanen can ke noman shinkafa da su da kiwo a kanta ta ragu ƙwarai.

A 1987 aka kafa shirin kare fadamun Haɗeja da Nguru, da hannun ƙungiyar IUCN da ƙungiyar kare tsuntsaye ta Ingila da takwararta ta kare muhalli ta Najeriya. Tsuntsayen da ke ƙaura daga Turai suna yin hunturu a wurin su suka fara jawo hankalin masu ba da kuɗin, amma binciken da ya biyo baya ya koma kan mutane. Masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa sun auna amfanin noma da su da itace na fadamun, suka gano cewa kowane ma'aunin ruwa ya fi kawo riba a can fiye da a manyan gonakin ban-ruwa na Kano. A 2000 aka sanya tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin wuraren yarjejeniyar Ramsar ta kare fadamu.

Sai kuma ga kachala. Da ruwa ya koma gudana rani da damina daga madatsu, wannan ciyawa ta samu yadda take so, ta toshe hanyoyin ruwa, ta mamaye gonaki, ta zama mafakar jan-baki masu cinye hatsi. A 2006, bayan taro a Damaturu, jihohin Kano, Jigawa, Yobe, Borno, Bauchi da Filato suka amince da kafa asusun amana na kogunan Haɗeja, Jama'are da Komadugu-Yobe tare da gwamnatin tarayya. Ta haka aka ɗauki kwarin a matsayin abu guda, daga tudun Gwarzo har bakin Chadi.

Darasi daga duwatsun murjani

Irin wannan matsala ta taɓa ƙasashen da ke nesa da mu, kuma yadda suka kashe kuɗinsu abin dubawa ne. Duwatsun murjani na cikin teku, waɗanda wasu ƙananan halittu ke ginawa a ruwa mai ɗumi da haske, ba su kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma kusan rubu'in nau'o'in halittun teku suna dogara da su. Mafi girmansu yana gabar Ostareliya, tsawonsa ya kai kilomita 2,300. Ƙasar ta yi masa dokar kariya a 1975, UNESCO kuma ta sanya shi cikin kayan gadon duniya a 1981. Amurka ma ta yi dokar kare murjani a 2000, wadda a ƙarƙashinta ake ba jihohi da jami'o'i da ƙungiyoyi tallafi.

Bayan zafin teku ya koɗar da murjanin Ostareliya a 2016 da 2017, gwamnatin ƙasar ta ware dalarta miliyan 443 a 2018. Kusan miliyan 200 daga ciki ba a teku aka kashe su ba. An nufi manoman rake da masu kiwon shanu da ke can cikin ƙasa, domin su rage taki, su toshe kwazazzabai, su bar ciyawa a bakin koguna. Dalili shi ne laka da takin da ke gangarowa suna dushe ruwa, su hana murjani haske. Gwamnati ba ta da iko a kan zafin teku ita kaɗai, amma tana da iko a kan abin da ke fita daga gona. Ko a Guzu-Guzu ko a gabar Ostareliya, daga tudu ake kare ruwa.

Ƙofofin da ke buɗe

A shekarun baya-bayan nan tunanin masu ba da kuɗi ya fara karkata ga kare ruwa daga tudu. Shirin NEWMAP na yaƙi da zaizayar ƙasa, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2012, ya fara da jihohin kudu, daga baya Kano ta shiga. TRIMING na 2014 ya mai da hankali kan gyaran manyan madatsu da hanyoyin ban-ruwa. Hukumar Babbar Ganuwar Itatuwa, wadda aka kafa a 2015, tana aiki a jihohi 11 har da Kano. Shirin KSADP, da kuɗin Bankin Raya Ƙasashen Musulmi, ya taɓa aikin ban-ruwa na Watari a Bagwai. A Disambar 2021 kuma aka amince da ACReSAL, na dala miliyan 700, domin jihohin arewa 19 da Abuja, kuma an gina shi ne a kan farfaɗo da ƙasar da ke zuba ruwa a rafuka.

Akwai abin da ya kamata mai karatu ya riƙe. Yawancin waɗannan manyan kuɗaɗe rance ne mai sauƙin ruwa, ba kyauta ba, kuma 'ya'yanmu ne za su biya. Tallafi na kyauta da ke isa hannun jama'a kai tsaye ya fi zuwa ta ƙananan hanyoyi, kamar shirin ƙananan tallafi na GEF da hukumar UNDP ke gudanarwa, wanda ke ba ƙungiyoyin al'umma kuɗi. Su kuma ba sa ba mutum ɗaya. Suna neman ƙungiya mai rajista da asusun banki, da rubutaccen tsari, da gudummawar al'umma ko da ta aikin gayya ce, da lissafin da za a iya dubawa.

Nan ne aikin ya dawo gida. Masunta suna da sarkin ruwa, manoman rani suna da ƙungiyoyinsu, makiyaya suna da arɗo, kuma dagatai da hakimai sun san iyakar kowace gona da kowane burtali. Waɗannan su za su iya tsayar da tazarar da ba a noma a bakin ruwa, da watannin hutun su, da girman idon raga, da wurin dasa itatuwa da jema a bakin kwazazzabo. Ba a fafe gora ranar tafiya: ƙungiyar da ta auna kwazazzabanta, ta rubuta buƙatarta tun kafin a yi shela, ita ake fara ji.

Gwamnati kuma akwai nata kason da ba mai ɗauke mata: auna yawan lakar da ta kwanta a kowace madatsa, bayyana sakamakon ga jama'a, da sanya kuɗin kulawa a kasafin kowace shekara maimakon jiran shirin waje mai wa'adin shekara biyar ko shida. Yashe madatsar da ta cike yana da tsada ƙwarai, kuma wuraren da suka dace da gina sabuwa ba su da yawa, domin injiniyoyin WRECA sun riga sun zaɓi mafi kyawunsu tun shekarun 1970.