Ƙarar bugu a rijiyar burtsatse: abin da ke jawo ta da yadda ake gano tushenta

A Batsari da Safana, inda garuruwa da dama suka dogara da rijiyar burtsatse mai aiki da sola ko janareta, ƙarar bugu a bututu alama ce da bai kamata a raina ba. Sau da yawa ita ce gargaɗin farko kafin bututu ya fashe ko injin cikin rijiya, wanda aka fi sani da sumo, ya ƙone.

Babban sanadi shi ne tsayawar ruwa farat ɗaya. Idan aka rufe famfo da sauri, ko injin ya mutu kwatsam, ruwan da ke gudu yakan daki bango da gwiwar bututu. Masanin Rasha Nikolai Zhukovsky ya auna wannan a Mosko a 1898. Bisa lissafinsa, tsayar da ruwa mai gudun mita 1 a daƙiƙa cikin bututun ƙarfe na haifar da matsin da ya kai nauyin ruwa mai tsayin mita 100 ko fiye. Irin wannan bugu na cikin abin da ke damun tukunyar ɗumama gida a Ingila.

Lokacin da ƙarar ke zuwa shi ke nuna tushenta:

1. Bugu ɗaya mai ƙarfi da zarar injin ya tsaya: a duba bawul ɗin da ke hana ruwa komawa rijiya. Ko ya lalace, ko ba a sa shi ba tun farko.

2. Bugu a jere, famfo na tofar da ruwa da iska: ruwan rijiya ya ja baya, injin na zuƙar iska. An fi ganin haka daga Maris zuwa Mayu. A kashe injin nan take, domin ruwan ne ke sanyaya shi.

3. Ƙara a jikin ƙarfen da ke ɗauke da tanki: bututu ya kwance, a ɗaure shi.

4. Gurnani tare da yashi a ruwa: injin na cin kansa, sai an fito da shi. Wannan aikin ƙwararre ne, bayan an katse wuta.

Lamarin ya wuce batun gyara. Rashin bawul, ko rataye injin a zurfin da bai dace ba, aikin ɗan kwangila ne. Batsari, Safana da Ɗanmusa mazaɓa ɗaya ce a Majalisar Wakilai, kuma dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta bai wa kowane ɗan ƙasa damar neman takardun aikin mazaɓa daga hukumar da ta bayar da kwangilar. Takardun da suka fi amfani su ne jerin kayan da aka biya kuɗinsu, zurfin rijiyar, da sakamakon gwajin yawan ruwanta. Rijiyoyin karkara da gwamnatin jiha ta haƙa kuwa, hukumar RUWASSA ta Katsina ce wurin kai ƙorafi.

Kwamitin da ke kula da rijiya ya riƙa rubuta ranar da ƙarar ta fara da lokacin da take zuwa. Wannan bayani na rage wa mai gyara lalube, ya kuma zama hujja idan aka zo bin kadi.