Kalma Ɗaya da Magudanan Ruwan Duniyar Mars

A shekarar 1877 duniyar Mars ta matso kusa da tamu, sai masanin taurari ɗan Italiya, Giovanni Schiaparelli, ya duƙufa nazarinta daga birnin Milan. Ya zana taswirarta, har da wasu siraran layuka da ya ce ya gani, ya kira su "canali". A Italiyanci kalmar tana nufin hanyar da ruwa ya yi wa kansa, tana kuma nufin magudanar da mutum ya haƙa. Da labarin ya shiga Ingilishi sai aka fassara ta da "canals", wadda ke nuna aikin hannu. Shekara takwas ke nan da buɗe mashigin Suwez, kunnuwan jama'a cike suke da labarin manyan haƙe-haƙe.

Wanda ya fi kowa riƙe wannan ma'ana shi ne Percival Lowell, wani attajiri daga Boston ta Amurka. A 1894 ya gina ɗakin hangen taurari a Flagstaff, jihar Arizona. A ganinsa Mars tsohuwar duniya ce da ke bushewa, mazaunanta masu hankali kuwa sun haƙa magudanai don janyo ruwan ƙanƙarar doronta na arewa da na kudu. Layukan da ake hange, in ji shi, tsirrai ne da suka fito a gefen ruwan.

Ba a rasa masu musu ba. A 1907 Alfred Russel Wallace ya nuna cewa sanyin Mars ya wuce yadda Lowell ya ƙiyasta. A 1909 Eugène Antoniadi ya duba ta da babban madubin Meudon na Faransa, ya ga tabo-tabo barkatai, babu miƙaƙƙun layuka.

A nan nake ganin ɗora wa mai fassara dukan laifin rashin adalci ne. Idon da ya gaji da duban abu mai dishi-dishi yakan haɗa ɗigo da ɗigo ya mai da su layi, kuma wannan ya faru tun kafin a fassara komai.

Kumbon Mariner 4 ne ya yanke gardamar a Yulin 1965: hotunansa ramuka suka nuna. Mariner 9, wanda ya fara kewaya Mars a 1971, ya gano busassun kwaruruka masu kama da tsofaffin hanyoyin kogi. Waɗannan sun dace da ma'anar farko ta "canali", sai dai ba su ne layukan Schiaparelli ba.